Yadda Ake Gane Gemun Tsoho a Bishiyoyin Bakin Teku

Gemun tsoho, wanda masana ke kira Usnea, ba kauci ba ne, don ba ya shan ruwan bishiya. Maƙalewa kawai yake a ɓawon reshe. Funfuna ce da gansakuka suka haɗu suka zama jiki ɗaya. A gaɓar tekun ƙasashe masu zafi ana ganinsa a manyan rassa inda raɓa da hasken rana suka wadata, yana reto kamar gemu, launinsa kore mai ɗan rawaya.

Sai dai launi da reto ba su isa shaida ba. Shaidar tana cikin silin. Tsinci wanda iska ta kayar, ka zaɓi sili mai kauri, ka jiƙa shi na minti biyu, sannan ka kama gefe da gefe ka ja a hankali. Ɓawon zai tsage, farar jijiya ta bayyana a tsakiya tana miƙewa kamar roba. Wannan jijiyar ita ce hatimin Usnea. Wanda ya ja busasshen sili zai ga ya karye ƙaras, ya ɗauka babu jijiya, kuma nan ne masu koyo suka fi kuskure.

Ramalina, wata 'yar'uwarsa da ita ma haɗin funfuna da gansakuka ce, na yawan zama reshe ɗaya da shi, launinsu ma kusan ɗaya, amma yawanci silinta a baje yake kamar tsagin kaba, kuma ba ta da jijiya. A nahiyar Amurka akwai Tillandsia usneoides mai toka-toka da ke kama da shi, ita kuwa tsiro ce mai fure, dangin abarba.

Fitar da nau'i ya fi wuya, tunda sun haura 300. Yanka silin a tsaye da reza, ka duba da gilashi mai ƙara girma sau 10. Jijiya mai rami kamar bututu, da ja-ja ko ruwan hoda kewaye da ita, tana nuna Usnea baileyi. Idan ɓawon kansa ne ja, a fara zargin Usnea rubicunda. Ɗigon ruwan sinadarin KOH (potassium hydroxide) mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 a kan farin ɓangaren da ke cikin silin yakan koma rawaya, a wasu nau'o'in ya rikiɗe ja. Rubuta abin da ka gani nan take. Sinadarin yana ƙona fata, a kiyaye ido.

Ɗauko gemun tsohon da gindinsa, don baƙin gindi ko rashinsa na raba nau'o'i. Shanya shi a inuwa, ka sa a ambulan takarda, ka rubuta wuri da kwanan wata da sunan bishiyar. Leda na riƙe danshi, sai ya ruɓe.