Yadda Ake Sarrafa Fikof Mai Ƙarfi Ya Dace da Kowane Irin Kiɗa

Mai kaɗa jitar lantarki a Sakkwato da wuya ya mallaki jita fiye da ɗaya, kuma da wannan ɗayar ce zai shiga sutudiyo ranar Laraba, ya yi biki ranar Asabar, wani ma ya yi kiɗan coci ranar Lahadi. Da yawa daga cikin jitocin hannu da ke iso mana suna ɗauke ne da fikof mai ƙarfi, irin wanda aka yi domin kiɗan rok mai gurnani, shi ya sa ake yawan jin matasa suna cewa jitarsu ba ta da zaƙi, ko kuma ba ta iya kiɗan Buzaye. Na daɗe ina aiki da irin wannan fikof, kuma abin da na tabbatar shi ne yana iya shiga kusan kowane kiɗa idan mai shi ya san wuraren da ake rage masa ƙarfi.

Fikof shi ne kunnen jita, wato abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. A cikinsa akwai maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe sau dubbai, kuma idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai a sami 'yar wutar lantarki a cikin wayar, wadda ita ce amfilifaya ke ƙarfafawa ta zama sauti. Ranar da na fara buɗe nawa a gaban wani dattijo mai gyaran rediyo, ya ɗaga shi sama ya duba da kyau, sannan ya ce, "Ai ɗana, wanga koyil na, irin na hwanka, sai dai wayatai ta hi siranta." Gaskiya ya faɗa. Fikof mai koyil ɗaya, irin na Fender Stratocaster, yana da murya garau amma yana kwaso ƙugin wutar lantarki. Domin maganin wannan ƙugi ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya haɗa koyil biyu masu saɓa wa juna, aka nemi rajistar fasahar a 1955, aka fara sanya ta a jitar Les Paul a 1957. Wannan shi ake kira hambaka. Daga baya makaɗan rok suka buƙaci abin da zai tura amfilifaya har ya yi gurnani, sai Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion a 1972, Seymour Duncan kuma ya yi wanda aka sani da JB, sannan kamfanin EMG ya kawo masu aiki da batir mai bolt 9.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, yawan naɗin waya yana ƙara ƙarfi amma yana cin zaƙi. Duk lokacin da aka ƙara naɗi, muryar fikof tana saukowa daga sama ta taru a tsakiya, ta yi kauri, ta cika kunne. Duk dabarun da zan kawo suna zagaye ne a kan wannan: rage ƙarfin da ya yi yawa, da kuma kare ɗan zaƙin da ya rage kada ya zube a hanya.

Kafin ka taɓa komai, ka san abin da ke hannunka. Ka ari mitar masu gyaran lantarki, ka sa ta a ma'aunin om 20,000 (om shi ne ma'aunin tirjiyar da waya ke yi wa wuta), ka soka kebul a jita, ka buɗe bolum har ƙarshe, ka zaɓi fikof ɗaya, sannan ka ɗora bakunan mitar biyu a kan tsinin kebul da jikinsa. Koyil ɗaya irin na Stratocaster yakan nuna kusan 6,000, hambaka irin na da yakan nuna tsakanin 7,500 da 8,500, Super Distortion ya haura 13,000, JB kuwa ya wuce 16,000. Kada lambar ta ruɗe ka idan ta ɗan fi abin da kamfani ya rubuta, domin jan ƙarfe yana ƙara tirjiya da kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na zafi. Fikof ɗin da ya nuna 16,400 a ɗaki mai digiri 20 zai iya nuna kusan 17,700 a zafin Afrilu na Sakkwato, lokacin da ma'auni ke kaiwa 40, kuma lafiyarsa ƙalau. Haka nan lambar ba ita kaɗai ke nuna ƙarfi ba, tun da sirantar waya da irin maganaɗisun duk suna da tasiri, amma ta isa ta gaya maka sahun da naka yake. Masu batir ba a auna su ta wannan hanya.

Aiki na farko, wanda bai buƙatar ko kwabo, shi ne daidaita tsayin fikof. Ka danne tsirkiya a kan firet na ƙarshe, wato na ƙarshe cikin siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙasanta da kan fikof. Ni nakan fara da milimita 2.5 a ɓangaren tsirkiya mai kauri da milimita 2 a ɓangaren siririya, sannan in riƙa juya sukurori biyu na gefe rabin juyi rabin juyi ina saurare. Idan fikof ya matso kusa, ƙara takan ƙaru, bugun farko ya yi tsauri, sauti ya cunkushe. Idan ya sauka zuwa milimita 3 ko 3.5, sai ka ji tsirkiyoyin sun rabu da juna, kowace ana jin ta daban idan ka kaɗa su tare. Mafi yawan jitocin da aka kawo mini da kukan rashin zaƙi, fikof ɗinsu na samu an ɗaga har yana neman taɓa tsirkiya, saboda mai shi na farko ya ɗauka ƙara ita ce kyau. Ka yi wannan aiki da amfilifaya a muryar da ba gurnani, a ɗaki shiru, kuma ka rubuta yawan juyin da ka yi domin ka iya komawa inda ka fito. Ka kuma daidaita fikof na wajen wuyan jita da na wajen jaki, wato inda tsirkiyoyi ke ɗorawa a jikin jitar, domin tsirkiya ta fi girgiza a wajen wuya, saboda haka na can yakan buƙaci ya fi sauka kafin ƙarar su biyun ta zo ɗaya.

Na biyu shi ne bolum ɗin da ke jikin jitar, wanda yawancinmu muke buɗewa har 10 mu manta da shi. Ka saita amfilifaya yadda zai fara ɗan gurnani idan bolum yana 10 kuma ka buga da ƙarfi. Daga nan, idan ka sauke zuwa 6 ko 7, murya za ta washe, ka raka mawaƙi cikin natsuwa, idan kuma lokacin da za ka fito kai kaɗai ya yi sai ka murɗa da ƙaramin yatsa ka koma 10. A nan ne fikof mai ƙarfi ya fi mai rauni amfani, domin yana da tazara mai faɗi tsakanin laushi da zafi, duk a ƙarƙashin yatsa ɗaya. Matsalar ita ce sauke bolum yakan tafi da zaƙi. Maganinta 'yar kafasita ce mai 0.001 maikurofarad, a haɗa ta gefe da gefe da rasista mai om 150,000, a like su da dalma tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta bolum. Duk mai gyaran rediyo yana da su, kuma aikin bai wuce minti goma ba. Tun da an buɗe bayan jitar, ka duba abin da aka rubuta a jikin bolum ɗin: hambaka ya fi son mai 500,000, mai 250,000 kuwa na koyil ɗaya ne kuma zai ƙara dusashe murya. Masu batir irin na EMG suna aiki ne da mai 25,000, kada a musanya musu.

Na uku ya fi buƙatar haƙuri, amma shi ne yake mayar da jita ɗaya tamkar uku. Idan wayar da ta fito daga fikof ɗinka tana da 'ya'ya huɗu masu launi da ɗaya tsirara, to kana iya sauya yadda koyil biyun ke haɗuwa. A yadda aka saba, wuta tana bi ta ɗaya ta wuce ta ɗayan, wanda shi ne cikakken ƙarfi. Kana iya kashe ɗaya ka bar ɗaya, sai fikof mai 16,400 ya koma kusan 8,200, murya ta sirance ta yi zaƙi, sai dai ƙugi zai dawo. Kana kuma iya haɗa su gefe da gefe, mita ta nuna kusan 4,100, murya ta yi haske kuma ƙugi bai dawo ba. A nan fikof mai ƙarfi yana da wata fa'ida, domin rabinsa ma ya kai ƙarfin koyil ɗaya na sosai, alhali rabin hambaka irin na da yakan fito da rauni. Ana yin sauyin da ƙaramin makunni ko da bolum irin wanda ake ja sama a danna ƙasa. Ka kula da launi, domin kowane kamfani da tsarinsa: a Seymour Duncan baƙa ce ke ɗauke da sauti, ja da fara ake haɗewa, a DiMarzio kuwa ja ce ke ɗauke da sauti, baƙa da fara ake haɗewa. Ni na fi son haɗin gefe da gefe a garin nan, saboda yawancin wuraren biki da janareta ake aiki, ga fitilu da cajojin waya a layi ɗaya, kuma koyil ɗaya yana kwaso duk wannan hayaniya ya zuba ta cikin sauti. Ba zan ce muryar za ta zama ta Stratocaster sak ba, amma a cikin taro, tare da ganga da fiyano, bambancin ba ya damun mai sauraro.

Sai mu zo kan kiɗan kansa. Kiɗan jitar Buzaye, irin na Tinariwen na Mali da Bombino na Agadas, wanda ya saba shigo mana ta Birnin Ƙonni da Illela, yana son murya mai haske da tsirkiya ɗaya da ke ta amo a ƙasa yayin da yatsu ke yawo a sama. Ka sa haɗin gefe da gefe ko koyil ɗaya, ka rage kauri a amfilifaya, ka bar gurnani kaɗan ƙwarai, ka ƙara ɗan amsa-kuwwa, kuma ka ajiye robar kaɗawa ka yi da yatsu, domin naman yatsa yana tausasa bugun da fikof mai ƙarfi ke tsanantawa. Hailaif da kiɗan Kwango suna son tsabta fiye da haka, saboda haka ka zaɓi fikof biyun tare, bolum a 6, hannunka kuma ya yi sauƙi. A rege kuwa bugun gajere ne, ka sake dannawar hannun hagu da zarar ka buga, kuma ka yanke kauri sosai domin ka bar wa mai bes filinsa. Jaz da waƙoƙi masu sanyi na fikof ɗin wuya ne, a sauke ton, wato maɓallin rage zaƙi da ke jikin jitar, zuwa 5 ko 6.

Rok da abin da ya fi shi zafi su ne gidan wannan fikof, sai dai a nan ma ana kuskure. Tun da shi da kansa yana tura amfilifaya, ka rage maɓallin gurnani ƙasa da yadda kake zato, in ba haka ba sautin zai dagule ya zama kamar kunu, a rasa gane tsirkiya daga tsirkiya.

Waƙar Hausa ta sutudiyo tana da tata matsalar. Muryar mawaƙi da kalangu duk a tsakiya suke zaune, daidai inda fikof mai ƙarfi ya fi cika, saboda haka idan ka shiga da cikakken ƙarfi za ka danne mai waƙa, shi kuma mai haɗa sauti ya sauke ka har a daina jin ka. Gara ka rage tsakiya tun daga wajenka, ka riƙa amsa wa mawaƙi a gurbin da ya yi shiru, yadda mai gurmi ko mai kukuma ke yi. Kada kuma ka soka jita kai tsaye a ramin fiyano na mikisa, domin fikof marar batir yana son mashiga mai tirjiya kusan om miliyan 1, ramin fiyano kuwa bai kai kusa da haka ba, sai ya shanye zaƙin gaba ɗaya. Ka nemi ramin da aka ware wa jita a jikin na'urar ɗaukar sauti, ko ka bi ta fedal, wato 'yar na'urar sarrafa sautin jita da ake takawa da ƙafa. Idan amfilifayarka tana da rami biyu, na biyun yawanci yana rage ƙarfin da ke shiga, kuma an yi shi ne domin irin fikof ɗinka. Dogon kebul ma yana cin zaƙi, mita 3 zuwa 5 sun isa.

Yanayin garinmu yana buƙatar kulawa ta musamman. Ƙurar hunturu tana shiga bolum ta sa shi ƙaraf-ƙaraf, kuma maganinta feshin wanke kayan lantarki ne, ba man inji ba. Gumi yana sa kawunan fikof tsatsa, ka goge da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, kuma kada ka kusanto da soson ƙarfe domin maganaɗisu zai kwashe ɓarɓashinsa. Ana jiƙa koyil da kakin da ke riƙe wayar kada ta motsa, idan ka bar jita a but ɗin mota da tsakar rana kakin yana iya yin laushi, daga nan fikof ya fara ƙara mai tsini da zarar an ɗaga sauti. Mai fikof na batir ya riƙa zare kebul idan ya gama, domin soka kebul ne ke kunna shi. Idan kuma ka taɓa jin wuta ta ɗan ja ka a leɓe yayin da hannunka ke kan tsirkiya bakinka kuma ya taɓa makirufo, ka tsaya nan take, a kira mai wayarin ya duba wayar ƙasa ta amfilifaya da ta janareta kafin a ci gaba da kiɗa.