Ga ƙannenmu masu zuwa Ingila karatun nazarin laifuka

Kafin ku sayi littafi ko ɗaya, ku nemi kotun majistare mafi kusa da masaukinku, ku je ku zauna a kujerun 'yan kallo. Ba a biyan ko sisi. Za a caje jakarku a bakin ƙofa, ku kashe waya, kuma kada ku kuskura ku ɗauki hoto, domin laifi ne. A nan ake fara kusan kowace shari'ar laifi a Ingila da Wales, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 a nan suke ƙarewa. Yawancin masu yanke hukuncin ba lauyoyi ba ne, mutanen gari ne 'yan sa-kai marasa albashi, su biyu ko uku, ga masanin doka zaune a gabansu yana ba su shawara. A safiya guda za ku ga wanda ya saci nama a kanti, da wanda ya yi tuƙi a buge, da wanda aka tambayi adireshinsa ya ce ba shi da wurin kwana. Ni a ganina zaman nan ya fi lacca uku, don duk abin da malami zai faɗa kan talauci da shaye-shaye, kun riga kun gani da idonku.

Malamai za su ɗauka kun san tarihin da 'yan ƙasa suka tashi da shi. Sunan Stephen Lawrence zai yi ta fitowa: matashi baƙar fata ɗan shekara 18 da wasu samari fararen fata suka kashe a Eltham, kudu maso gabashin Landan, a 1993, 'yan sanda kuma suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Rahoton da tsohon alƙali Macpherson ya fitar kan lamarin a 1999 ya ce wariyar launin fata ta yi kanta a tsarin rundunar Landan kanta. Ku karanta shi tun da wuri, ku haɗa da binciken ɗan majalisa David Lammy na 2017 kan yadda kotuna da gidajen yari ke mu'amala da baƙaƙe da sauran tsiraru. Maganar ta shafe ku kai tsaye. In ɗan sanda ya tsayar da ku zai caje ku, wajibi ne ya faɗi sunansa, ofishinsa da dalilinsa, kuma kuna da haƙƙin karɓar shaidar cajin. Ku natsu, ku tambaya cikin ladabi.

Masu zuwa Gilasgo ko Edinbura su sani Sikotilan tana da nata tsarin shari'a. A can sai yaro ya kai shekara 12 ake kama shi da laifi, a Ingila kuwa 10.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da muke yi a aji. An tarbiyyantar da mu ba a jayayya da malam, su kuwa a nan jayayya da hujja ake ba maki. Ga shi kuna ɗauke da ilimin da ba su da shi. Wanda ya fito daga arewacin Najeriya ya san dokar Penal Code da ta fara aiki a 1960, ya san dokokin laifi na shari'ar Musulunci da Zamfara ta fara a 2000, ya ga mai unguwa ya zaunar da ɓarawo da mai kaya a zaure an biya an yafe. Abin da littattafansu ke yabawa na haɗa mai laifi da wanda ya cuta su sasanta, mu sulhu muke ce masa. Ku kawo shi aji, har ku yi kundin kammala karatu a kai, amma kada ku yi hira da kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince.

Tun kuna gida ku karɓi takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Ƙungiyoyin da ke taimaka wa fursunoni ko yara za su yi muku binciken DBS, wato duba ko kun taɓa aikata laifi, wanda bai ƙunshi shekarun da kuka yi a gida ba, don haka sukan nemi waccan takardar. Bizar ɗalibi awa 20 ta ba ku na aiki a mako lokacin karatu, kuma wani aikin da ba a biya yakan shiga lissafin, saboda haka ku tambayi ofishin ɗalibai baƙi kafin ku sa hannu.