Yadda za ka binciki makarantar kwana irin Summerhill kafin ka kai ɗanka

Toh, idan kana neman makarantar kwana a waje kuma ka ci karo da irin ƙananan makarantun nan da ake cewa yaro ne ke zaɓar abin da zai koya, kar ka yi saurin yabo kuma kar ka yi saurin ja tsaki, bincike ake yi. Bari mu ɗauki Summerhill da ke garin Leiston a yankin Suffolk na Ingila, don ita ce ta fi suna a wannan fannin, tambayoyin da za ka yi a kanta su ne za ka yi wa sauran.

Fara da tarihinta, don a nan za ka gane ko aƙida ce ta gaske ko talla ce kawai. Wani malami ɗan Scotland mai suna A. S. Neill ne ya kafa ta a 1921, kuma ba ma a Ingila ta fara ba, a Hellerau kusa da Dresden a Jamus, daga nan suka koma Ostiriya, sai Lyme Regis a kudancin Ingila inda gidan da suka zauna ake kiransa Summerhill, sunan ya bi su har Leiston a 1927. Neill ya rasu a 1973, matarsa Ena ta riƙe makarantar, a 1985 'yarsu Zoë Readhead ta karɓa. Abin da za ka duba a nan shi ne, duk wannan yawon da canjin hannu, shin sun sauya tsarin? Ba su sauya ba. Hasali ma a 1999 masu duba makarantu na Ofsted sun rubuta rahoto mai zafi a kanta, gwamnati ta nemi a tilasta wa yara shiga aji, makarantar ta ƙi, aka je kotu a Landan a watan Maris na 2000, ƙarshe gwamnati ta yarda aka sasanta, kuma yaran da kansu suka yi taronsu a cikin ɗakin shari'ar suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da sulhun. Ni wannan labarin shi ya sa nake ganin girman makarantar.

Sai karatu, kuma a nan ne yawancin iyayenmu za su ce a'a. Shiga aji ba dole ba ne. Akwai malamai, akwai jadawali, ana koyar da lissafi da kimiyya da Turanci da sauransu, ana zana jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare, kamar ko'ina a Ingila, amma idan yaro ya ga dama ya wuni a ɗakin kafinta ko yana wasa a cikin bishiyoyi babu mai kamo hannunsa. Hujjarsu ita ce yaron da ya ƙoshi da wasa, ranar da ya nemi karatu da kansa zai ɗauka da sauri. Kar ka karɓi wannan haka nan. Tambaye su kai tsaye: yaron da ya kai shekara goma bai iya karatu sosai ba me kuke yi masa? Waɗanda suka gama ina suka tafi, kwaleji ko sana'a? In da hali ka nemi tsohon ɗalibi ka ji ta bakinsa. Sannan ka tambayi kanka, wanda shi ne mafi wuya, shin zan iya haƙuri zango ya wuce ɗana ya dawo hutu ya ce min bai leƙa ajin lissafi ba? In zuciyarka ba za ta ɗauka ba gara ka haƙura tun yanzu, don yaron ne zai wahala tsakanin abin da makaranta ke faɗa masa da abin da yake ji a gida.

Idan ka samu ranar ziyara, abin da bai kamata ya wuce ka ba shi ne taron makaranta. A nan ake kafa dokoki a kuma saurari ƙara, kowa ƙuri'a ɗaya, ɗan shekara shida da shugabar makaranta duk ɗaya, kuma galibi ɗalibi ne ke jagoranta. Wani zai ɗaga hannu ya ce wane ya hau kekena ba izini, a ji ta bakin wanda ake ƙara, a kawo shawarwari, a ɗaga hannuwa, wataƙila a ci shi tarar 'yan kuɗi kaɗan ko a ba shi wani aiki. Ka lura da kyau ko ƙananan suna samun bakin magana ko manyan ne ke danne su. Masu cewa wurin ba doka sun yi kuskure, dokoki ma sun yi yawa, har na lokacin kwanciya, bambancin dai yaran ne suka kafa su. Amma ɗaukar malamai da harkar kuɗi ba sa hannun taron, wannan na shugabanci ne.

Harabar kuwa kar ka sa ran ganin gine-gine masu ƙyalli. Tsohon gida ne na jan bulo, da fili da ɗan kurmin bishiyoyi, ɗakin zane, wurin iyo, ɗalibai ba su kai ɗari ba, da yawansu ma daga wasu ƙasashe suka zo. Leƙa ɗakunan kwana, an raba su ne bisa shekaru, ka tambayi wane babba ne ke kwana kusa da ƙananan.

Akwai kuma tambayoyin da kai ne kawai za ka yi, babu wanda zai yi maka. Maza da mata ne haɗe, kuma ba makarantar addini ba ce, don haka ka tambayi maganar sallah da azumi da naman halal tun kafin a zo ga batun kuɗin makaranta da biza. Ka kuma tambayi shekarun da suke karɓa, don sun fi son yaro ya shigo yana ƙarami ya taso cikin tsarin, wanda ya riga ya girma ba lallai su ɗauke shi ba.