Idan input() ya ƙi karɓar abin da aka rubuta a Python

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya na shirinka, duba wace Python (yaren rubuta shirin kwamfuta) ce ke gudanar da shi, ta 2 ko ta 3. Buɗe tagar umarni ka rubuta python --version. A wasu kwamfutocin, python na kiran ta 2, python3 kuma na kiran ta 3. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, amma tsofaffin darussanta na nan birjik a intanet, kuma daga nan rikicin yakan faro.

A Python 2, input(), wato umarnin da ke karɓar abin da mai amfani da shiri ya rubuta, yana ɗaukar duk abin da aka shigar a matsayin umarnin da zai aiwatar. Ka rubuta Musa, sai ya shiga neman wani abu mai wannan suna a cikin shirin, ya rasa, ya ce NameError: name 'Musa' is not defined. Lambar waya da ta fara da 080 ma ba ta tsira ba: sifilin farko yana sa ya ɗauke ta lissafin tushe takwas, inda babu 8 da 9, sai SyntaxError. Wanda ya fi muni shi ne wanda ba ya kuka. Ka shigar da 010 ya ba ka 8, ka shigar da 1,500 ya raba maka gida biyu, 1 da 500. Ga kuma haɗari, don mugu na iya cusa umarnin goge fayil ta wannan ƙofa. Maganin duka shi ne raw_input(), wanda ke karɓar abin da aka shigar a matsayin rubutu kawai.

A Python 3 an cire raw_input() gaba ɗaya, input() ya gaji aikinsa. Idan ka ga name 'raw_input' is not defined, sauya sunan kawai.

Sai dai abin da input() ke dawowa da shi yanzu rubutu ne, ko da lamba aka danna. Shi ya sa shekaru + 1 ke jawo TypeError. Juya shi zuwa lamba tukuna: shekaru = int(input()). Ka sa wannan layin cikin try da except ValueError, masu tare kuskure kada shirin ya tsaya, saboda wani zai rubuta "ashirin" ko ya danna Enter hannu rabbana. Lambar waya kuwa bar ta a rubutu, int() zai cinye sifilin gabanta.

Idan sunaye masu ƙ, ɗ ko ɓ suna ba da tsawon da bai dace ba, Python 2 ce: a tsarin adana haruffa na UTF-8 tana ƙirga kowannensu biyu. Python 3 tana ƙirga shi ɗaya.