Shawara ga masu zuwa ƙaramin taron iyaye masu ilimantar da yara ba tare da manhaja ba

’Yan’uwa iyaye, duk wanda zai halarci irin wannan taro tare da iyalinsa, ya kamata ya fara tambayar mai shiryawa shekarun yaran da za su zo, da kuma wanda zai sa ido a kan ƙananan yayin da manya suke tattaunawa, domin wannan ne abin da aka fi mantawa.

Ku bar yaro ya ɗauko abin da hankalinsa ya karkata a kai a ’yan kwanakin nan, ko da kwalin duwatsun da ya tsinto ne ko tsohon agogon da ya kwance, saboda da shi zai fara hira da sa’anninsa ba tare da an tura shi ba. Abin da na fi roƙonku shi ne kada ku yi wa ɗan wani jarrabawa da tambayar ko ya iya karatu ko lissafi, domin hakan yana takura yaron, yana kuma sosa zuciyar iyayensa.

Dokokin karatu a gida sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ku tuntuɓi hukumar ilimi ta yankinku domin tabbatar da duk abin da kuka ji a wajen taron. Ku nemi izinin iyaye kafin ɗaukar hoton yaransu.