Yadda ake gyaran launin vidiyon biki ba tare da an ɓata fatar mutane ba

Ƴan montaj na Maradi, abin da nake gani a vidiyon biki kwanan nan yana damuna wallahi. Mutum ya ɗauko hoto mai kyau, ya shiga CapCut, manhajar montaj, ya ɗora filtar guda bisa komai, amarya ta koma kamar lemu, farar shaddar ango ta zama ruwan ɗorawa, wai aiki ya fito.

Aikin launi kashi biyu ne, gyara sannan ado. Gyara shi ne ka maida hoto yadda ido ya gan shi a wurin, ado sai daga baya, in ka fara da ado duk abin da ka ɗora bisa karkace zai zauna.

Fara da haske, kuma kar ka yarda da ekaran ɗinka don kowane ordinatar da yadda yake nuna launi. Buɗe ma'aunin haske da ake kira wefom, a manhajar montaj ta Premiere Pro yana cikin sashen launi da ake kira Lumetri, a manhajar DaVinci Resolve yana shafin Color, kuma Resolve ɗin akwai na kyauta. Ƙasan ma'aunin baƙi ne, samansa fari, 0 zuwa 100 a Premiere, 0 zuwa 1023 a Resolve. Ranarmu ta tsakar rana in ta bugi farar shadda za ka ga layin ya manne a sama, to sauke shi har zanen shaddar ya fito. A Resolve Lift na taɓa duhu, Gamma tsakiya, Gain haske. Amma fa in tun wajen ɗauka farin ya ƙone, babu abin da zai dawo da shi, nan sai dai a kiyaye tun a kamera.

Sai daidaita fari. Nemo wani abu fari ko ruwan toka a hoton, bango ko takarda, ka danna shi da ɗan tsinken ɗaukar launi. Lokacin hazo hoto kan ja zuwa rawaya, sai ka ja tamperatir, wato layin da ke kai launi wajen rawaya ko shuɗi, kaɗan wajen shuɗi, kaɗan na ce, don in ka wuce gari ya yi sanyin da ba namu ba. Bikin dare kuwa ƙarƙashin fitilun neyon fuska kan yi kore-kore, wannan ba tamperatir ba ne, ɗayan layin ne na kore da ruwan hoda.

Fata ita ce babbar magana. A bektoskop, wato ma'aunin launi, akwai wani layi da launin fata ke bi, baƙin mutum da farin mutum duk kusa da layin nan suke faɗawa, haske ne ya bambanta su. Ke nan ba ka bukatar ɗaga haske har amarya ta yi fari fat kafin ta yi kyau, danginta su kalla su ce wannan ba ƴarmu ba ce. Ka daidaita ta kan layin, ka rage satirasiyo, wato ƙarfin launi, in ta yi ja da yawa. Mai aiki da portabul ya shiga HSL a CapCut, inda ake gyara kowane launi daban, ya taɓa launin lemu kaɗai, saura ya bar su.

In kamera biyu kuka ɗauka, ajiye hotunan gefe da gefe ka daidaita su kafin ka ci gaba.

Yanzu ne ado. In za ka sa LUT, wato shiryayyen launi da ake ɗora wa hoto, duba ko na hoton log ne, wanda kamera ke ɗauka dishi-dishi don a gyara daga baya, ko na hoton da aka saba, don na log in ya hau hoton portabul sai launi ya yi tsanani, baƙi ya toshe. Rage ƙarfinsa zuwa rabi ko ƙasa da haka, ka riƙa kashewa kana kunnawa kana kallon fuskoki.

Kafin ka miƙa wa mai biki, yanko minti guda ka tura wa kanka ta WhatsApp ka kalla a portabul, don nan akasarin mutane za su gani, kuma WhatsApp na matse vidiyo, wuraren duhu ne ke fara fashewa. In sun fashe koma ka ɗan ɗaga Lift ka sake fitarwa.