Yadda ake gwada monita ta hannu kafin a biya kuɗi a Abuja

Duk wanda ya shiga Banex Plaza a Wuse 2 neman monita, wato allon kwamfuta, abin da za a fara tambayarsa shi ne inci nawa yake so. Inci kuwa awon allo ne kawai daga kusurwa zuwa kusurwa, ba shi ke nuna kyan hoto ba. Abin dubawa shi ne yawan ɗigon da ke allon, da irin gilashin, da lafiyar fitilar da ke haska shi ta baya. Duka ana gane su a cikin shago cikin minti 15, in ka tafi da laftof ɗinka da kebul ɗinka.

Hoton da ke allo tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo na ɗauke da ja da kore da shuɗi. Juya monitar, ka karanta lambar samfurinta a takardar da ke manne a baya, ka bincika ta a wayarka. In ka ga 1920 × 1080, wato ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, ɗigo sama da miliyan 2 ke nan, kuma shi ya dace da inci 22 ko 24. Da yawa daga cikin masu inci 19 da aka kwaso daga ofisoshin Turai 1366 × 768 ne, wajen rabin wancan, don haka mai aikin Excel zai yi ta jan shafi sama da ƙasa. A inci 27 kuma 1920 × 1080 ya yi kaɗan, gefen haruffa kan fito da gurzo. Wannan girman 2560 × 1440 yake so.

Gilashin iri uku ne a kasuwa. TN ya fi araha, amma da ka ɗan sunkuya ka dube shi ta ƙasa sai hoton ya yi duhu, launi ya juye. IPS yana riƙe launinsa ta kowane gefe, shi ya kamata mai gyaran hoto, ko mai zanen katin biki, ko mai shagon buga takardu da kwastoma ke leƙen allo ta gefe ya nema. VA ya fi su baƙi mai zurfi, yana da daɗin kallon bidiyo. Ba sai mai shago ya faɗa maka ba: buɗe hoton fuskar mutum, ka matsa dama, ka matsa hagu, ka sunkuya. Ga aikin ofis da karatu, ƙaramar IPS ta fi babbar TN nesa ba kusa ba.

Sai kafofin jonawa. VGA ita ce shuɗiya mai ramuka 15, tsohuwar fasaha ce tun 1987, kuma kebul mara kyau kan sa rubutu ya yi inuwa a gefe. HDMI da DisplayPort sun fi ta tsabtar hoto. In laftof ɗinka HDMI gare shi, monitar kuma VGA kaɗai, sai da ɗan akwatin juyawa, kuma hanya ɗaya yake aiki: na HDMI zuwa VGA ba zai yi VGA zuwa HDMI ba. Mutane da yawa kan sayi wanda bai dace ba, su ɗauka monitar ce ta mutu.

Yanzu gwajin kansa. Ka ce, "Malam, a jona mini ita in gani," ka haɗa da laftof, ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi a nuna hoto a allo biyu. Tun daga gida ka ajiye hotuna biyar masu launi ɗaya tak: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. Buɗe kowanne ya cika allo, ka matso kusa. A kan fari za ka ga ɗigon da ya mutu, baƙi ƙirin, kuma wannan ba ya gyaruwa. A kan baƙi za ka ga ɗigon da ya maƙale a launi ɗaya yana ƙyalli, da hasken da ke tsiyaya ta gefuna. Ɗan haske a kusurwa al'adar IPS ce, ba aibi ba ne. Amma tabo mai kama da gajimare a tsakiya alama ce an danne allon a cikin lodi. Layi siriri da ya tashi daga sama zuwa ƙasa kuwa, haɗin gilashin da ƴan wayoyinsa ne ya saki. Ajiye ta ka ɗauki wata, ko da an rage maka rabin kuɗi.

Kada ka yi gaggawar kashe ta. Bar ta a kunne minti 10 aƙalla, saboda akwai lahanin da sai ta ɗauki zafi yake fitowa. Sannan ka kashe, ka kunna sau uku. Monitar da ke nuna hoto na daƙiƙa biyu ta ɗauke, fitilar maɓalli kuma tana nan a kunne, yawanci fitilar baya ce ko kafasitocin ɓangaren wuta, ƴan gwangwanayen da ke riƙe caji, suka kumbura. Haska allon da tocilar waya dab da gilashi: in ka hango hoton dishi-dishi, gilashin lafiya lau, hasken ne babu. Mai gyara yana iya canza kafasita, amma ba abin da za a saya da farashin lafiyayya ba ne.

Tsofaffin monitoci masu kauri suna amfani da siraran fitilun CCFL, sababbi kuma LED. Ta CCFL in ta tsufa farinta kan koma ruwan ɗorawa ko ja-ja, tana zafi, tana kuma cin wuta. Mai dogaro da sola ko inbata ya kula da wannan sosai: LED mai inci 24 ba ta cika wuce wat 25 ba, tsohuwar CCFL mai wannan girman tana iya ninka haka. Duba takardar baya ka ga an rubuta 100–240V, wato ƙarfin wutar da take iya karɓa. In da adafta take aiki, karanta ƙarfinta da kyau, don akwai mai 12V, akwai 14V, akwai 19V, kuma shigar baki a rami ba ya nufin sun dace. A gida kada ta shiga soket kai tsaye. Dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, ko canji zuwa janareta, shi ke yawan ƙona ɓangaren wuta. Sa mata abin kariya daga hauhawar wuta ko UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke.

A sa lambar siriyal ɗinta a rasit tare da kwanakin garanti. A mota a tsaye ake ajiye ta, da kwali ko bargo a fuskar, ba a kwantar da ita a ɗora kaya. Lokacin hunturu ƙura kan toshe ramukan shan iska na baya, sai a riƙa share su da busasshen buroshi. Allon kuma a kashe shi tukuna, a goge da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa aka matse sosai. Kada a fesa ruwa a kansa, don yana gangarawa ya shiga ƙasan firam inda wayoyin gilashin suke, kuma sifirit da maganin goge taga suna cinye rufin da ke hana allon ƙyalli.